Tsadar Famfas: Ko Komawa Ga Nafkin Zai Rage Wa Magidanta Ɗawainiya?

IKKO — Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, Babban Bankin Nijeriya kuma ya saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, magidanta da dama a manyan biranen ƙasar nan suka shiga sake lissafin abin da suke kashewa wajen renon jarirai. Ɗaya daga cikin abubuwan da lissafin ya fi tsayawa a kansu shi ne kunzugun zamani wanda ake ɗaura wa yaro sau ɗaya a jefar, wato abin da jama'a ke kira famfas. Wannan suna ya samo asali ne daga Pampers, samfurin da kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1961.

Tambayar da ake yi a gidaje, daga Agege da Idi-Araba a Ikko zuwa Sabon Badun da unguwannin bayan garin Abuja, ita ce ko komawa ga nafkin na yadi, wanda ake wankewa a sake ɗaurawa, zai rage ɗawainiya. Amsar ta danganta ne ga abubuwa huɗu: yawan famfas ɗin da gida ke amfani da shi a rana, hanyar da gidan ke samun ruwa, shekarun yaron a lokacin da aka yi canjin, da kuma wanda zai ɗauki nauyin wanki.

Dalilin tsadar

Famfas ya ƙunshi ɓargon itace da aka sarrafa ya yi laushi kamar auduga, da wani sinadari mai kama da garin gishiri wanda ke shanye ruwa ya daskare, sai kuma leda da shimfiɗar roba mai taushi da ke rufe su. Yawancin waɗannan kayayyaki daga ƙasashen waje ake shigo da su, da kuɗin waje ake biyan su. Saboda haka ko da a cikin ƙasar nan aka haɗa famfas, farashinsa yakan bi dala duk inda ta nufa.

Kafin watan Yuni na 2023, ana canza dalar Amurka ɗaya a kan kimanin N460 a farashin gwamnati. Ya zuwa watan Fabrairu na 2024 ta zarce N1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kafin a sauya ma'aunin ƙididdigar a farkon 2025.

Wannan hali ya taɓa manyan kamfanonin da ke sana'ar. Procter & Gamble, wanda ya buɗe wata babbar masana'anta ta dala miliyan 300 a Agbara cikin Jihar Ogun, ya rufe ta a 2018, sa'an nan a watan Disamba na 2023 ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Nijeriya, ya koma shigo da su daga waje. Shi ma Kimberly-Clark, mai samfurin Huggies, wanda ya buɗe masana'anta a Ikorodu a 2022, ya ba da sanarwar ficewa daga ƙasar a 2024. Wannan ya ƙara buɗe fili ga kamfanin Hayat na ƙasar Turkiyya, mai samfurin Molfix, wanda shi ma a Agbara ya kafa masana'antarsa, da kuma ƙananan kamfanonin cikin gida.

A ɓangaren albashi kuwa, a watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a wata. Da wannan adadi ne za a auna nauyin da famfas ke ɗora wa ƙaramin ma'aikaci.

Lissafin famfas

Farashi yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, yana kuma canzawa daga wata zuwa wata. Don haka alƙaluman Naira da ke biye misali ne kawai domin nuna yadda ake lissafin, kuma ya kamata kowane magidanci ya sa farashin unguwarsu a madadinsu.

Jariri sabon haihuwa yakan bukaci a canza masa kunzugu sau 8 ko fiye a rana. Yayin da yake girma adadin yana raguwa. In aka ƙaddara guda 8 a rana a kwana 90 na farko, an sami 720. In aka ƙaddara 6 a rana a sauran kwana 275 na shekarar farko, an sami 1,650. A shekara ta biyu, guda 5 a rana sun ba da 1,825. Jimla ke nan 4,195 cikin shekara biyu.

In kowane guda ya kama N150, kuɗin ya tashi N629,250. A watannin farko, lokacin da ake amfani da 8 a rana, abin da za a kashe a wata ɗaya shi ne N36,000, wato fiye da rabin mafi ƙarancin albashi. Wannan kuwa ban da kuɗin abinci da magani da haya.

Shi ya sa gidaje da yawa ba sa bin wannan adadi. Sukan ja famfas ɗaya ya daɗe a jikin yaro, su tsaya a kan 3 a rana. A bisa farashin misalin nan, hakan ya kama N13,500 a wata, ko N328,500 cikin shekara biyu. Har ila yau, mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi famfas ɗai-ɗai ko 'yar ƙaramar leda a kantin unguwa, inda kowane guda ya fi tsada a kan wanda aka saya cikin babban ƙunshi. Ta haka wanda ya fi kowa rashin kuɗi shi ne yake biyan farashi mafi yawa.

Lissafin nafkin

Nafkin yana da kuɗi iri biyu: jarin farko da kuma kuɗin wanki na yau da kullum. Mutane da yawa jarin farkon kawai suke dubawa, alhali kuwa kuɗin wankin ne ya fi yawa in an tara shi.

Gidan da ke wanki kullum yana bukatar nafkin dozin biyu domin a samu na ɗaurawa yayin da wasu ke kan igiya. In an ƙaddara kowane guda a kan N1,500, an kashe N36,000. Sai wandon roba da ake ɗorawa a sama don kada jiƙa ta fito. Shi wannan yana tsagewa, yaro kuma yana fin ƙarfinsa, saboda haka za a bukaci kamar 18 cikin shekara biyu, a kan N1,000 kowane, wato N18,000. Bokiti mai murfi, da fil, da igiyar shanya su kama N6,000. Jarin ya tsaya a kan N60,000.

Wanki kuma yana cin ruwa da sabulu da makamashin dafa ruwa. A gidan da ke da rijiya ko famfo ko rijiyar burtsatse, inda ba a sayen ruwa da jarka, in sabulu ya ci N150, gawayi ko gas ya ci N100 a rana, kuɗin wanki na kwana 730 zai kama N182,500. In an haɗa da jari, N242,500 ke nan. Idan aka kwatanta da N629,250 na famfas, gidan ya tsira da N386,750.

A gidan da ke dogara ga 'yan ga-ruwa kuwa, labarin ya canza. In wankin ya ci jarka biyu a rana, kowace a kan N150, kuɗin yini ya tashi daga N250 zuwa N550. Cikin shekara biyu N401,500 ke nan, da jari kuma N461,500. Har yanzu akwai rarar N167,750 a kan cikakken amfani da famfas, amma ta ragu da fiye da rabi.

To, sai dai ga gidan da ya riga ya tsaya a kan famfas 3 a rana, wanda kuɗinsa ya kama N328,500, komawa ga nafkin da ruwan saye ƙarin kashe kuɗi ne na N133,000. A nan tsuguni ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Abin da irin wannan gida zai samu shi ne damar canza wa yaro kunzugu a kan kari, wanda amfaninsa ga lafiyar fata ne, ba ga aljihu ba.

Yaushe jari ke dawowa

Lokacin da aka yi canjin yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya fara da nafkin tun ranar haihuwa yana kauce wa kashe N1,200 a rana a watannin farko. In yana da ruwansa, yana ajiye N950 a kullum, jarinsa na N60,000 ya dawo cikin wata biyu da 'yan kwanaki. In yana sayen ruwa, yana ajiye N650, jarin ya dawo cikin wata uku da 'yan kwanaki.

Amma wanda ya bari sai yaro ya cika shekara ɗaya, a lokacin famfas N750 kawai yake ci a rana. In gidan na sayen ruwa, rarar N200 ce a yini. Ko da an rage jarin zuwa N40,000 saboda yaron ba ya bukatar nafkin da yawa, sai an yi kwana 200 kafin kuɗin ya dawo. Ga yaron da ya kusa koyon zuwa fo, canjin ba shi da wata riba ta kirki.

Riba mafi girma tana zuwa ne a haihuwa ta biyu. Nafkin mai kyau, in an kula da shi, yakan yi wa ƙane hidima bayan wa, sai wandon roba kawai za a sabunta. Wannan batu yana da nauyi a Nijeriya, inda binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace takan haifi kimanin 'ya'ya 5.3 a tsawon rayuwarta, binciken 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 4.8. Iyalin da ke sa ran ƙarin haihuwa sun fi cin moriyar jarin nafkin a kan waɗanda ke renon ɗan auta.

Akwai kuma wata fa'ida da lissafin bai nuna ba. Jarin nafkin sau ɗaya ake biyansa, a farashin ranar da aka saya. Famfas kuwa kowane mako ake saye, duk tashin da dala ta yi sai ya shafi mai saye. A lokacin hauhawar farashi, wanda ya sayi abu mai ɗorewa da wuri ya kare kansa daga wani ɓangare na ƙarin da ke tafe, ko da yake sabulu da ruwa su ma suna tashi.

Kuɗin da ba a rubutawa

Wankin nafkin yakan ci kusan sa'a guda a kowace rana, in an haɗa da jiƙawa da ɗauraya da shanya da guga. A mafi yawan gidaje uwa ce ke wannan aiki, ko wata yarinya a gidan. In uwar tana sana'a, kamar ɗinki ko sayar da abinci ko ƙananan kayan masarufi, wannan sa'a tana da farashi. A misalin gidan da ke sayen ruwa, matsakaiciyar rarar da ake samu ba ta wuce kimanin N230 a rana ba in an raba N167,750 a kan kwana 730. Matar da za ta iya samun fiye da haka cikin sa'a ɗaya a sana'arta, asara ta yi in ta bar sana'ar ta koma wanki.

Ga ma'aikaciyar ofis ko ta kamfani, akwai wani shinge kuma. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12, kuma bayan hutun yawancin mata a birane sukan kai yaro gidan reno. Gidajen reno da yawa famfas suke bukata, domin ba su da wurin ajiye jiƙaƙƙen nafkin ko ma'aikatan da za su kula da shi.

Yanayin wuri ma yana shiga lissafi. A lokacin hunturu, ko a garuruwan da rana ke da ƙarfi, nafkin yakan bushe cikin 'yan sa'o'i. A Fatakwal da Kalaba da Ikko kuwa, inda damina ke da tsawo, iska kuma ke ɗauke da laima, nafkin mai kauri na iya kwana biyu bai bushe ba. A irin waɗannan wurare dozin biyu ba zai wadatar ba, sai an ƙara jari. Haka nan mazauna gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, inda iyalai da yawa ke raba igiya ɗaya da makewayi ɗaya, sukan rasa wurin shanya.

A yankunan kudu masu laima akwai kuma wani ƙuda da ake kira tumbu, wanda kan saka ƙwai a jikin tufafi masu danshi ko masu saurar fitsari, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan shiga fatar yaro ta haifar da maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan. Amma guga tana cin wuta, kuma tun watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa N225 a kowane ma'auni, mazauna wannan rukuni sun fara lissafin duk abin da suka jona. Dutsen guga na gawayi yana biyan wannan bukata da sauƙi.

Batun lafiya

Ƙuraje da saɓewar fata a matsematsin yaro suna faruwa ne idan fata ta daɗe cikin jiƙa, fitsari da kashi suka haɗu suna cin ta. Wannan na iya faruwa da famfas ko da nafkin. Famfas ya fi janye ruwa daga fata, saboda haka ya fi jure daɗewa, musamman da dare. Nafkin kuwa dole a canza shi da zarar ya jiƙe. Jan famfas ɗaya na tsawon sa'o'i da yawa domin tsimi yana iya ƙarewa a sayen man shafawa ko zuwa asibiti, abin da aka yi tsimin kuma ya tafi can.

Wankin nafkin yana da ƙa'ida. Ana fara karkaɗe kashin a cikin masai, ba a kwata ba, domin kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, ciki har da masu haddasa gudawa da kwalara. Sa'an nan a ɗauraye, a jiƙa a bokiti mai murfi wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye har sai kumfa ta ƙare, domin saurar sabulu na cin fatar jariri. A shanya a kan igiya cikin rana, a goge, mai wankin kuma ta wanke hannuwanta da sabulu kafin ta taɓa abinci. Gidan da ba shi da isasshen ruwan da zai cika wannan ƙa'ida, famfas ya fi masa aminci.

Shara da muhalli

Yaro ɗaya yana barin famfas fiye da 4,000 a bola cikin shekara biyu, kuma robar da ke ciki ba ta ruɓewa da wuri. A unguwannin da motar shara ba ta zuwa, akan same shi a kwatami, inda yake kumbura ya toshe hanyar ruwa da damina. Wanda aka jefa a masai kuwa yana cika ramin da wuri, yana kuma wahalar da masu yasa, wanda ƙarin kuɗi ne ga mai gida.

Wani bincike da Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar a 2008 ya nuna cewa gurɓata iskar da nau'in biyu ke jawowa kusan ɗaya ce in ana wanki da bushewa da na'ura, amma na yadi yana raguwa sosai in an shanya a rana, an kuma yi wa yaro na biyu amfani da shi. Wani sabon bincike da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 ya gano cewa na yadi ya yi ƙasa da na jefarwa da kimanin kashi 25 cikin ɗari a wannan fanni, amma ya fi shi cin ruwa. A Nijeriya, inda aka fi wanki da hannu a shanya a rana, matsalar wutar na'ura ba ta taso ba, ta ruwa ce ta rage.

Hanyar tsakiya

Gidaje da yawa sun zaɓi haɗa biyun: nafkin da rana a gida, famfas da dare da ranar asibiti ko biki ko tafiya. Famfas ɗaya a kowane dare ya kama N109,500 cikin shekara biyu a farashin misalin nan. In aka ɗora shi a kan N242,500 na gidan da ke da ruwansa, jimla ta zama N352,000, wanda bai kai kashi 60 cikin ɗari na kuɗin cikakken famfas ba, ga kuma barcin dare ya samu ga uwa da ɗa.

Ana iya rage jarin farko ta hanyoyi da dama. Manyan kasuwanni irin su Balogun a Ikko, da babbar kasuwar Anaca, da Ariaria a Aba, da Kantin Kwari a Kano, suna sayar da yadin tawul wanda tela zai yanka ya daje bakinsa. Tsofaffin zannuwan auduga da suka yi laushi, waɗanda iyaye da kakanni suka yi reno da su tun kafin zuwan famfas, suna aiki a matsayin shimfiɗar ciki. Akwai kuma sabon nau'in nafkin mai maɓalli, wanda ake ƙara masa faɗi yayin da yaro ke girma. Shi ya fi sauƙin ɗaurawa, amma kowane guda ya ninka na tawul tsada, kuma tun da yawancinsa daga waje ake kawo shi, shi ma dala yake bi. Mai son gwadawa zai iya fara da rabin dozin na kowane iri na tsawon mako biyu kafin ya zuba dukan jarin.

Al'adar nan ta ɗora yaro a kan fo ko a kan ƙafafun uwa tun yana 'yan watanni, da safe da kuma bayan shan nono, ita ma tana rage yawan kunzugun da ake ɓatawa, ko wane iri ake amfani da shi. Kowane wata ɗaya da aka rage daga shekara ta biyu, famfas 150 ne aka huta saye, wato N22,500 a farashin misalin.

Daga wannan lissafi, gidan da ya fi dacewa ya koma ga nafkin shi ne mai ruwan kansa, mai wurin shanya, wanda jaririnsa bai wuce 'yan watanni ba, ake kuma sa ran wata haihuwa a gaba. Gidan da ke sayen ruwa da jarka, ko wanda uwa ke fita aiki, ko wanda yaronsa ya haura shekara ɗaya, ribarsa kaɗan ce, wani lokaci ma babu. Abin da zai raba gardama a kowane gida shi ne a rubuta famfas nawa aka ɓatar cikin mako ɗaya da kuɗinsu, a rubuta kuɗin jarka da na sabulu a unguwar, sa'an nan a sa alƙaluman a gurbin waɗanda aka kawo a nan.